Babi na Uku: Yarinyar da Ta Sauko Daga Amalanke

A watan Janairun 1831, sanyi na tsakiyar cin kasuwarsa a arewacin Ingila, wani amalanken doki mai rumfa ya tsaya a ƙofar wani gida mai hawa uku da ake kira Roe Head, kusa da garin Mirfield a lardin Yorkshire. Wata yarinya 'yar shekara 14 ta sauko, ƙarama, siririya, sanye da tufafin da yayinsu ya daɗe da wucewa, duk ta takure. Ɗaya daga cikin ɗaliban gidan, Mary Taylor, tana kallonta. Shekara 25 bayan haka, da aka nemi ta faɗi abin da take tunawa, hoton bai gushe mata ba. Ta ce baƙuwar ta yi mata kama da 'yar tsohuwa. Ba ta gani daga nesa, in an ba ta littafi sai ta kai shi har ya kusa taɓa hancinta, in an ce ta ɗaga kai sai littafin ya bi ta sama. Ga kunya, ga karin harshen mutanen Ailan da ta ɗauko a bakin mahaifinta. Sunanta Charlotte Brontë.

Duniya ta san ta da littafin Jane Eyre. Mu a wannan babi yarinyar muke nema, tun kafin suna, da ƙawaye biyun da ta yi a wannan gida, da gidaje ukun da suka fito.

Sai an san abin da ta baro a baya kafin a gane dalilin takurewarta. Mahaifinta, Patrick Brontë, limamin coci ne a ƙauyen Haworth, kimanin mil 20 daga makarantar. Mahaifiyarta ta rasu a 1821, ta bar yara 6. A 1824 aka kai huɗu daga cikin matan wata makarantar kwana mai sauƙin kuɗi a Cowan Bridge, wadda aka buɗe domin 'ya'yan limaman da ba su da ƙarfi, fam 14 a shekara. Abinci ba kirki, ɗakuna ba ɗumi, ranar Lahadi kuma tafiyar fiye da mil biyu zuwa coci cikin sanyi. Yayyenta biyu, Maria mai shekara 11 da Elizabeth mai shekara 10, suka kamu da tarin fuka, aka maido su gida, suka rasu a watan Mayu da watan Yunin 1825, tsakaninsu mako shida. Charlotte tana da shekara 9 ta wayi gari ita ce babba. Don haka kalmar makaranta a kunnenta tana tafe da makoki. Ba don mahaifin ya yi wata doguwar jinya a 1830 ba, mai yiwuwa da ba a sake tura ta ko'ina ba. Gidan da suke ciki na coci ne. Ranar da ya faɗi ya mutu, ranar za a fara neman inda za a kai yaran. 'Yar liman marar dukiya hanya biyu ce a gabanta, aure ko koyarwa a gidajen masu kuɗi, ita kuwa koyarwar sai da shaidar an yi makaranta.

Roe Head ta bambanta da waccan. Ɗaliban ba su wuce 10 ba, shugabar kuwa, Margaret Wooler, mace ce mai sauƙin kai, ita da ƙannenta suke riƙe da wurin kamar gida. Ana ci a ƙoshi. Tana fita yawo da yaran, tana nuna musu inda aka yi tarzomar masaƙa ta 1812, lokacin da ma'aikata suka far wa injunan da suke ganin za su raba su da abincinsu. Amma wanda ya taɓa kwana a makarantar kwana ya san kyawun wuri ba ya hana kewar gida a makon farko.

Kamar mako guda da zuwan Charlotte aka kawo wata sabuwar ɗaliba, Ellen Nussey, 'yar shekara 13. Sauran yara sun fita wasa, aka bar ta a ɗakin karatu ita kaɗai, ko kuma haka ta zata. Tana cikin duba littattafan da ke kan dogon tebur sai ta ji motsi a bakin babbar tagar ɗakin. Wata ce a rakuɓe tana kuka ba sauti. Ellen ta matsa ta tambaye ta, da ƙyar ta samu amsa: gida take tunawa. Ellen ta ce ai ita ma yanzun nan aka kawo ta, nan gaba kaɗan ita za a lallasa. Charlotte ta yi ɗan murmushi cikin hawaye, suka riƙe hannu har sauran suka dawo. Daga baya aka haɗa su gado ɗaya, kamar yadda aka saba a makarantun wancan zamani.

Mary kuwa ta wata ƙofa ta shigo. Wata rana ta dubi Charlotte ido da ido ta ce mata ita mummuna ce. Magana ce mai nauyi a kunnen yarinyar da dama can ba ta yarda da kanta ba, kuma akwai alamun ta bi ta har girma. Bayan shekaru Mary ta nemi afuwa, Charlotte ta ce kada ta damu, maganar ta amfane ta. Ni ban yarda ta amfane ta ba. Abin da na yarda da shi shi ne, daga ranar ta gane ta samu wadda ba za ta taɓa shafa mata mai a baki ba, kuma irin wannan ƙawar ba ta da yawa.

A aji abin mamaki ya bayyana. Yarinyar ba ta san nahawu ba, labarin ƙasa ma kaɗan ta sani, har aka sa ta a ajin ƙasa. Ta yi ta kuka sai da Malama Wooler ta mai da ita ajin manya, bisa sharaɗin za ta cike giɓin da kanta. Amma in aka zo waƙoƙin da ake ba su hadda, ta san marubucin, ta san abin da ya zo kafin wurin da abin da ya biyo baya. Ta san sunayen ministoci, ta san masu zane. Ba ta wasan ƙwallo, don ba ta ganin ƙwallon. In sauran sun kewaye murhu da yamma suna hira, ita tana durƙushe a bakin taga da littafi, tana tsintar ragowar hasken rana, har suka riƙa ce mata tana gani a duhu. Nama ma ba ta ci da farko, sai a hankali aka shawo kanta. Kafin a je ko'ina ta haye saman ajin, lambar azurfa ta makarantar ta zauna a wuyanta.

Da dare ne take zama wata daban. In an kashe kyandir, yarinyar da ba ta iya ɗaga kai da rana ita ce mai ba da labari. Wani dare ta kawo labarin mai tafiya cikin barci, ta bi da shi ta kan katangar da ke rugujewa da bakin rami mai zurfi da teku mai hauka, har wata yarinya da ba ta daɗe da tashi daga ciwo ba ta kama makyarkyata, aka kira malamai. Charlotte ta ji nauyin abin ƙwarai, ta daɗe ba ta sake ba da irinsa ba. Sau ɗaya kuma aka rubuta mata laifi, saboda an ba ta karatun da ya fi ƙarfin lokacin da aka ba ta, ta kasa amsa tambayoyi. Ajin duka ya tashi. Malama Wooler, da yake mai adalci ce, ta soke laifin. Kowa ya huce ban da Mary, wadda ta yanke wa kanta hukuncin cewa tunda an zalunci ƙawarta, ba ta ƙara bin dokar makarantar har a yi hutu.

Akwai wani labari da Mary ta adana wanda duk lokacin da na tuna shi sai jikina ya yi sanyi. Wata safiya Charlotte ta ce mata ta yi mafarki an kira ta falo, ta je ta tarar da Maria da Elizabeth. Mary ta matsa mata ta ci gaba. Ta ƙi, ta ce ƙarshen ba daɗi. Da ƙyar ta faɗa: yayyen nata sun canza, sun ci ado irin na 'yan birni, sun manta duk abin da suka damu da shi a da, suna ta kushe ɗakin. Hausawa sun ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Shekara shida tana ɗauke da waɗannan matattu biyu, sai a makarantar kwana ta samu wadda za ta sauke wa kayan.

Gidajen Ellen da Mary mil kaɗan ne daga makarantar, saboda haka sukan tafi da ita. A nan ne, a ganina, ƙawancen ya yi babban aikinsa. Yarinya a wancan ƙarni gidan ubanta kawai ta sani. Ba ta zaɓi iyayenta ba, ba ta zaɓi cocinta ba, mijin ma sau da yawa hali ne yake zaɓar mata. Ƙawa ce kaɗai take tsinta da hannunta, kuma ta ƙofar ƙawa take leƙa yadda wasu suke zaune.

Gidan su Ellen, Rydings a garin Birstall, babban gida ne mai tsofaffin itatuwa. Mahaifinta ɗan kasuwar tufafi ne, ya rasu a 1826, ita ce 'ya ta 12. Gida ne na natsuwa da ibada da ladabin zama, masu bin cocin gwamnati, masu ra'ayin mazan jiya. Charlotte ta je can a watan Satumban 1832, ƙanenta Branwell ya raka ta, ya ga wurin ya ce ya bar ta a aljanna. Kunya ta hana ta sakewa a gaban baƙi, amma ta ga yadda gida yake idan akwai uwa a cikinsa.

Gidan su Mary a Gomersal, wanda ake kira Jan Gida saboda jan bulon da aka gina shi da shi, kasuwa ce ta gardama. Mahaifin, Joshua Taylor, mai masaƙa ne da ya yi karayar arziki, ya ƙare sauran rayuwarsa yana biyan masu binsa bashi. Ya yi yawon Turai, yana jin Faransanci, ba ya ga maciji da sarauta da limaman gwamnati. Yaransa maza da mata kowa da bakinsa a kan tebur. Ga Charlotte, 'yar liman, wadda ta ɗauki Janar Wellington gwarzon duniya tun tana ƙarama. Lokacin kuwa ƙasar ta ɗauki zafi a kan dokar gyaran zaɓe da aka zartar a 1832. Sukan yi mata taron dangi, wani lokaci ta yi shiru, wani lokaci ta tsaya a kan bakanta, amma ba ta daina zuwa ba. A wannan gida ta fara jin cewa mace tana iya musu da ubanta a kan siyasa kuma rufin ɗaki bai faɗo ba. Ƙanwar Mary, Martha, 'yar surutu mai sa kowa dariya, ita ma ɗalibar Roe Head ce.

Sai gida na uku. Ellen ta kai ziyara Haworth a watan Yulin 1833, kuma abin da ta rubuta daga baya shi ne mafi kusancin kallon da muke da shi na wannan gida a yarintarsu. Gidan dutse ne a ƙarshen wani titi mai hawa, maƙabarta ta kewaye shi ta gefe biyu, bayansa kuma tsaunuka ne fetal ba itace. Ba labule a tagogi, saboda uban yana tsoron gobara. Daɓen dutse ne, a wanke tas. Yayar mahaifiyarsu, wadda ta baro garinsu mai ɗumi a kudu ta zo riƙon yaran, tana yawo cikin gida da takalman katako saboda sanyin daɓen, ana jin ƙwas-ƙwas ɗinta daga nesa, tana shaƙar tabarta daga wani ɗan gwangwani na zinariya. A madafa akwai Tabby, tsohuwar mai aikin da ta zama uwa ta biyu, mai faɗa da tatsuniya. Ƙarfe 8 na dare a yi addu'ar gida, ƙarfe 9 uban ya kulle ƙofa, ya leƙo ya ce kada su daɗe, ya tsaya a kan matakala ya ɗaura agogo. Ƙannen Charlotte, Emily da Anne, kuwa kamar tagwaye, kullum hannu cikin hannu. Suka ja baƙuwar zuwa kan tsaunuka, suka zauna a bakin wani ƙorama suna wasa da ruwa. Emily, wadda ba ta sakewa da kowa, ta saki jiki da Ellen.

Kada a ɗauka ƙauyen wurin shan iska ne. Binciken lafiya da aka yi a Haworth a 1850 ya nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na yaran garin ba sa kai shekara 6, kuma in aka yi lissafin shekarun mamata, matsakaicinsu bai cika 26 ba. Ƙarar ƙararrawar jana'iza abin yau da kullum ce a tagar ɗakinsu.

Abin da Ellen ba ta gani ba a wannan ziyara shi ne ƙananan littattafan da ke ɓoye a gidan. Tun 1826, da uban ya sayo wa Branwell sojojin katako 12, yaran suka ƙirƙiro wata daula, suna rubuta tarihinta da mujallunta a takardu masu girman kwalin ashana. Mai karatu zai so ya san inda suka kafa ta: a gaɓar Afirka ta Yamma, wajen bakin kogin Kwara. Mujallar Blackwood's da suke karantawa tana kawo labaran matafiya irin su Denham da Clapperton, wanda ya shiga Kano ya kuma gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824. A wasan nasu jarumansu Turawa ne da suka zo suka ci ƙasar Ashanti da yaƙi. Yara ne, amma wasan yara yakan nuna abin da manyan gari suke ƙullawa, kuma mu mun san yadda wannan mafarkin ya ƙare a kanmu. Mary ce aka ɗan buɗe wa asirin wannan daula. Da ta ji, sai ta ce su kamar dankalin da ya tsiro a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne, ba rana. Charlotte ta amsa cikin sanyin murya cewa ta sani.

Wata 18 kawai ta yi tana ɗaliba a Roe Head. A ranar ƙarshe ta ce wa Ellen tana so ko sau ɗaya ta ji ita ma 'yar makaranta ce kamar kowa, su zo su zaga lambu da gudu. Daga nan sai wasiƙa. Suka yi alkawarin rubuta wa juna duk wata, a zamanin da wanda aka aika wa ne yake biyan kuɗin wasiƙa, sai a 1840 aka sauƙaƙa abin ya koma kan mai aikawa. Ta taɓa rubuta wa Ellen da Faransanci don su gwada hannu, ta jera mata littattafan da za ta karanta, ta kai mata kukan zuciyarta a shekarun da ta koma Roe Head tana koyarwa daga 1835, tana jin kamar an ɗaure ta. A 1839 yayan Ellen, Henry, ya nemi aurenta, ta ce a'a cikin ladabi, zumuncin bai girgiza ba.

Kowace a cikin biyun akwai rabon da ta samu. Mary ta samu ƙwaƙwalwa da buri. Wasiƙunta daga Turai ne suka tayar wa Charlotte da hankalin fita, har ita da Emily suka tafi karatu Beljiyam a 1842, shekarar da Martha ta rasu a can. A 1845 Mary ta haƙura da Ingila, inda ta ga ba a bar wa mace wata sana'a ta mutunci ba, ta hau jirgin ruwa zuwa Niyu Zilan, ta buɗe kanti a birnin Wellington. Can aka aika mata Jane Eyre, don ita ta san wadda ta rubuta. Da littafin Charlotte mai suna Shirley ya fito a 1849, ta ga gidansu da ubanta da kanta da marigayiya Martha a ciki, ta yaba, sannan ta rubuto tana kiran marubuciyar matsoraciya, don ba ta fito fili ta ce kowace mace ta nemi na kanta ba.

Ellen kuwa an ɓoye mata batun rubutun, har Charlotte ta taɓa musanta mata shi. Masu tarihi da dama sun ɗauke ta a matsayin ƙawa mai sauƙin tunani, wadda ba ta kai a yi maganar littafi da ita ba. Wannan hukunci bai yi mini ba. A watan Mayun 1849, bayan Branwell da Emily sun rasu cikin wata uku, Anne ta roƙi a kai ta bakin teku a Scarborough ko za ta samu sauƙi. Ellen ce ta bi su. Tana ɗakin ranar 28 ga wata da Anne ta cika, ita ta je ta yi rajistar mutuwar, ita ta zauna da Charlotte makonni bayan an binne. A watan Yunin 1854, a auren Charlotte, ita ce ƙawar amarya, Malama Wooler kuma ta tsaya a matsayin waliyyi da uban ya ce ba zai iya fita ba. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar Ellen ce ta yi ta zirga-zirga shekara 24.

Angon, Arthur Bell Nicholls, ya ga irin abin da matarsa take rubuta wa ƙawarta, ya ce wasiƙun suna da haɗari, sai Ellen ta yi alkawarin ƙona su. Ta ba da alkawari mai sharaɗi, ta ci gaba da ajiyarta. Charlotte ta rasu ranar 31 ga Maris 1855, tana da shekara 38, wata tara da aure. Mary, can a Wellington, ta riga ta lalata nata wasiƙun da hannunta don gudun kada su faɗa hannun da bai dace ba, ta kuma yi nadama daga baya. Da Elizabeth Gaskell ta zo rubuta tarihin Charlotte, wanda ya fito a 1857, Mary ta ba da abin da ke kanta, Ellen ta buɗe akwatinta.

Ana iya cewa mijin yana da hujja, sirrin matarsa ne. Amma tun matar tana da shekara 14 take zuba wannan sirri a hannun Ellen, shi kuwa daga baya ya zo, kuma ni ina bayan Ellen a wannan shari'a. Mary ta rasu a 1893, Ellen a 1897 tana da shekara 80, dukansu ba su yi aure ba. Daga cikin wasiƙu kusan 500 da Charlotte ta aika wa Ellen, fiye da 300 suna nan har yau. Na Mary guda ɗaya ce ta tsira cikakkiya.